Taƙi Guda

Ran Asabar nakan rufe keken ɗinkina a Fagge,
in ɗaure sandar fatsa a bayan babur,
tana na motsi cikin gwangwanin madara,
in nufi Challawa tun rana ba ta buɗe ido ba.

Ba yunwa ke kai ni ba.
In ka lissafa kuɗin mai, kifin kasuwa ya fi araha.
Shiru nake zuwa nema,
hajar da babu mai kasa ta a Kantin Kwari.

A bakin ruwan nan na gaji doka wajen Baba Inusa.
Ba ta kan allo, ba ta da hatimi,
a hannunsa take.
Yakan ware babban yatsa da na tsakiya, ya ce:
karfasar da ba ta cika taƙi ba
'yar makaranta ce, mayar da ita aji.
Tarwaɗa mai ƙwai kuwa mai juna biyu ce,
kauce mata ta wuce.

Shi ya nuna mini ƙurungu,
mai gunaguni kamar wanda aka tasa daga barci,
da ƙayar da ke rama masa.
Minjirya ta gaishe ni sau ɗaya har gwiwar hannu,
ban sake miƙa mata hannu ba.
Giwan ruwa dai a bakin Baba kawai na san ta,
kowace shekara tana ƙara kamu ɗaya.

Ranar da wasu suka zuba guba a gurbi,
ruwa ya wayi gari da fararen cikkuna,
manya da 'ya'ya, har kwaɗin da ba ruwansu.
Baba bai zagi kowa ba.
Ya naɗe zarensa a hankali,
bai ƙara cewa uffan ba har Panshekara.

Bana damina ta uku ke nan ba shi.

Yau na zo da Sadisu, ɗan autana.
Toto ya nutse, ya fizga,
ga karfasa tana walƙiya kamar sabon kwabo.
Na ware yatsuna. Ba ta kai ba.
Ya ture hannuna, ya ɗora nasa:
Baba, ai ta cika nawa!

Na rasa ta cewa.
Marigayi bai taɓa faɗin hannun wa ba.

Yaron ya daɗe yana kallon bakinta na buɗewa, na rufewa.
Sai ya durƙusa, ya zare ƙugiyar da kansa,
ya ce mata, je ki,
ki jira hannuna ya girma.