Sukudireba ta Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina kwance a ƙarƙashin jirage,
fitila a baki, gumi a ido,
ban taɓa tashi da ko ɗaya ba.
Matuƙa suna da sama, ni ina da jijiyoyi:
waya fara, waya shuɗiya,
da wadda ta fi zaren ɗinkin hula siranta.
In rediyo ya shaƙe, ni ake nema.
In allon rada ya makance da asuba,
sai ka ji, "Ina Ajidan Sallau?"

Ran da na ajiye kaki
aka ba ni takarda mai hatimi uku da lemo mai sanyi.
Na fito ƙofar sansani, ranar Garwa ta dube ni
kamar ba ta taɓa ƙona mini ƙeya ba.
Ba wanda ya sara mini.
Wani mai babur ma cewa ya yi, "Baba, matsa."

Na kai takardar kamfanin sadarwa.
Yaron da ke kan kujera, sa'an ɗana na biyu,
ya juya ta, ya sake juyawa:
"Wannan ta soja ce. Ta farar hula fa?"
Na ce wuta ba ta san hula ba,
yadda take bin tagulla a can haka take bi a nan.
Ya ce za su kira.
Damina biyu ke nan.

Yanzu rumfata tana Yelwa, tsakanin mai faci da mai kilishi.
Batirin sola da ya kumbura,
fanka mai tari,
rediyon wani tsoho da ba ya kama Njamena sai an mare shi.
"Ɗaure mini kawai, ya kai ni Sallah."
Hannuna ya ƙi.
Inda na fito ba a ɗaurewa kawai,
sama ba ta da gefen titi da za a tsaya a duba.

Jingi, yaron da nake koya wa,
dariya yake in na jera kayan aiki da magariba ina ƙirgawa.
Bai san sukudireba ɗaya da ta ɓata
tana hana jirgi huɗu tashi ba,
har sai an gano inda ta kwana.

Ran Laraba Malama Dudu ta bugo daga asibitin Pitowa:
firjin rigakafi ya mutu,
zafi kuwa har dorinar Binuwai ta ƙi ɗago kai.
Muka hau babur.
Na buɗe bayansa, na shinshina,
ƙaurin da na sani tun ina kofur.
Ɗigo biyu na dalma, fis ɗaya na dala arba'in.
Ya yi gurnani, ya kama.
A baranda mata sun jeru, kowace da goyo,
ba wadda ta san sunana.
Na ciro littafi, na rubuta rana da sa'a da abin da na sauya,
na sa hannu.

Muna dawowa wani ya wuce ta kanmu, ya nufi arewa.
Daga ƙararsa na gane shi,
mai rediyon nan da ke yawan gardama.
Na sha goge masa ido,
ban taɓa sanin abin da ya gani ba,
ban kuma tambaya ba.
Wannan kam na san inda allurar za ta shiga:
cinyar hagu, kuka kaɗan, sai nono.

Magariba. Na jera. Goma.
Na sake. Goma.
Na sa Jingi ya share rumfa, ya kife kwali,
ya leƙa har ƙarƙashin teburin mai kilishi.
Na riga na kama babur za mu koma Pitowa
sai ya nuna ƙirjina.

Tana aljihu, daidai inda sunana yake a da.
Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.
Na ce, "Tashi ka ƙirga da kanka."
Ya ƙirga.