Haruffa Huɗu a Jikin Duro

A Sharaɗa, bayan masana'antar fata,
inda kwata ke gudu da launin baba,
na tsinci duro shuɗi, ko ƙwarzane babu,
da haruffa huɗu a ƙirjinsa, jan fenti: GIFT.
Bokona bai wuce aji uku ba,
amma wannan kam na san ta. Kyauta.
Na ce yau take sallah,
Inna ta huta da cinikin 'yan garuwa.

Na kinkimo shi har bakin titi.
Malam Lawandi na kan benci gindin darbejiya,
tsohon majemi mai farce baƙi,
wanda kamfani ya taɓa turawa Jamus
shekara biyu, koyon jima da sinadari.
Ya ɗaga sanda ya tare ni:
Tanimu, sauke. Sauke a hankali.
Ruwan sha za ka zuba? To ka fara haƙa kabari.

Na ce Malam, kyauta aka rubuta.
Ya ce da bakin wa?
Baturen Ingila in ya faɗe ta, miƙa hannu biyu.
Bajamushe in ya rubuta ta, toshe hanci ka ja baya,
guba yake nufi.
A Holan in ta zo da wutsiyarta, gudummawa ce,
a gutsure harafin ƙarshe, ta kashe ɓera.
Su kuwa mutanen Suwidin,
da mai aure da guba, kalmarsu ɗaya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya waiga ƙofar gida, ya rage murya:
wannan kada ya kai kunnen Tasalla.

Na zauna a ƙasa, duron na gefe kamar baƙon da ba a yarda da shi ba.
Na ce ta yaya zuma da maɗaci suka sha nono ɗaya?

Ya ce uwarsu ɗaya, sunanta bayarwa.
Can da, a tsohon bakin Ingila,
abin da ake bayarwa a ɗauko amarya ne,
ka ce sadaki.
A Jamus kuwa ta faɗa hannun masu magani,
ta zama gwargwadon abin da ake ba majinyaci,
cokali ɗaya ya tashi, cokali goma ya kwanta.
Baki na jin nauyin kiran mugun abu da sunansa,
sai a ce abin da aka ba shi,
kamar yadda mu ma kan sunkuyar da kai
mu ce an ba shi wani abu a fura.
Tun ana sakayawa, har mayafin ya zama fuskar.

Na ce Turawa dai ba su da kan gado.
Ya buga sanda a ƙasa.
Kai fa? Haruffa biyu gare ka, sun fi nasu rikici.
Ba ni, ka buɗe tafi.
Ba ni da shi, ka juya aljihu.
Da ita kake roƙo, da ita kake hanawa,
tun kana goye, ba ka taɓa tsayawa ka dube ta ba.
Kuma magani, wanne ne naka,
na zazzaɓi ko na ɓera?

Aka kira la'asar daga masallacin 'yan tifa.
Ya aro guduma da ƙusa wajen mai faci,
muka huda gindin duron sau bakwai
don kada wani Tanimun ya zo bayana.
Sauran ruwan ciki ya tsiyaye, kore-kore,
tururuwa suka canja hanya.

Na tako da ƙafa har Gandun Albasa,
kafaɗa ba nauyi, hannu na warin fata.
Inna na tsakar gida tana tankaɗe.
Ta ce me ka samo yau?
Na ce ba komai.
Sai na tsaya a bakin zaure
ina juya maganar a baki kamar goro,
ina jin ɗacinta, ina jin garɗinta.