Maƙerin Makulli a Gidan Silima

A Tallinn, daren da dusar ƙanƙara ta toshe bakin tituna,
Leelo jikata ta ja ni silima da hannun riga.
Ta ce, "Kaka Endel, zo ka ga yadda ake buɗe ƙofa a yau,
ba zarto, ba ƙarfe, ba gumi."
Shekara arba'in da ɗaya ina goge haƙoran makulli.
Na bi ta ina tari.

Fitilu suka mutu. Ga yaro a ɗaki mai duhu,
ya lulluɓe kai da hular rigar sanyi,
yatsunsa na sauka kamar ruwan sama a kan kwano,
koren rubutu na gangarowa a fuskarsa.
Banki ya kulle kansa, wutar tashar jiragen ruwa ta ɗauke,
jami'a Vahtra ta bi sawun ɗan kutse har ta rame.
Kowa a zauren ya miƙa wa yaron idonsa biyu.
Ni ɗaya na ba shi.

Ɗayan yana kan wata tsohuwa
mai ban ruwa a ofis da shuɗiyar buta.
Sau uku ta gifta bayan jami'ar,
kyamara ko sannu ba ta ce mata ba.
Amma akwai zobe rataye a ƙugunta:
da za ta shiga, makulli bakwai,
da za ta fita, takwas.
Kunnena ya riga idona ƙirgawa,
don kukan tagulla daban yake da na baƙin ƙarfe.

Sun ajiye mana kanari a keji kusa da taga,
don mu ce ai yaron ne, hukuma ce kejin.
Sun tsai da agogon bango a huɗu saura kwata,
muka yi ta lissafi kamar masu rabon gado.
Ga tsagaggen madubi, ga jan zare ɗaure a yatsa.
Leelo ta raɗa mini, "Zaren nan jini ne, kashe shi za su yi."
Na ce, "Ƙila."
Mai dabo ba ya ɓoye hannu,
ɗaga shi yake yi ya kaɗa,
ɗan'uwansa na aiki a ƙarƙashin tebur.
Tsaba aka watsa mana, muka duƙa caccaka.

Shukar fa?
Ba wanda ya dubi shukar.
Ganyenta bai taɓa yaushi ba, bai ƙara tsawo ba.
Ta roba ce.
Wa ke shayar da roba safe da yamma
in ba abin da ke ƙasan tukunyar yake wa ba?

Da aka ɓalle ƙofar yaron,
sai ga wayar kwamfutarsa yashe a ƙasa, ba a ko jona ta ba.
Hayarsa aka yi ya zauna ya yi kama da ɓarawo.
Kalmar sirri kuwa shugaban banki ya rubuta da hannunsa,
ya tura ƙarƙashin tukunya don kada ya manta.
Zauren ya ja numfashi ɗaya.
Tsohuwa na bisa jirgin ruwa, butarta a cinya.

A hanyar gida na cika Leelo da wa'azi:
"Ban taɓa ganin kwaɗon da ya ci amana ba.
Mutum ne ke riƙe wa baƙo ƙofa
don ya gan shi da kaya niƙi-niƙi.
Ku 'yan zamani haske kuke bi."
Ta yi shiru, tana shurin ƙanƙara da takalmi.

A bakin ƙofata na laluba aljihun dama.
Na laluba na hagu. Na sake komawa dama.
Can bayana, ƙarƙashin fitilar titi,
na ji kukan tagullar da na ƙera da hannuna.

"Tun yaushe?"
"Tun kana ƙirga na tsohuwa, Kaka."