Guntayen Tiyo

A rumfar kawuna Nomau, bayan tashar Madarunfa,
ba a zubar da guntun tiyo.
Masu lambu daga Jiratawa su zo, kamu shida, kamu tara,
ya yanka musu da zarto, su ɗaure a bayan babur.
Abin da ya saura ya jera shi a bango
kamar ƴaƴan gida ɗaya an tsai da su za a ɗau hoto.

In ciniki ya kwanta bayan la'asar
sai ya jawo guda, ya fere masa baki da aska,
ya cusa guntun icce a maƙogwaro,
ya bar ƴar kafa, kaurin farce,
ya hura.

Dogon ya yi gurnani can ƙasa
har shayin da ke kofi ya yi rawa.
Ya raba shi biyu. Murya ɗaya ce, ta hau bene,
yaro ne ke maimaita maganar ubansa
tun muryarsa ba ta fashe ba.
"Wannan ko makaho ya gani," in ji shi.
"Tsawo ke nuna wa murya wurin zama.
Faɗi ke faɗin halinta."

Ya miƙo mini biyu, kansu ɗaya.
Na hura ƙaton: kurciya ce a kan gawo,
ba kaifi, ba ƙaya, cike da ruwa.
Na hura siririn: ga Gwaggo Tarana
tana kiran jar akuyarta daga ƙetaren gulbi,
da tsami, da yaji, da wasu ƙananan muryoyi
suna bin babbar a baya kamar ƴan tsaki.
Gaɓa ɗaya suka taka, wallahi,
amma ba za ka ba su amana iri ɗaya ba.

Ka ɗaga baki, kaifi ya dushe.
Ka runtse shi, fito ya tsira.
Ka toshe gindin da tafin hannu,
gajere ya ari muryar wanda ya ninka shi,
sai dai da duhu a ciki,
kamar mai magana da kansa a tulu.

Wai tun yana ɗan shekara sha uku ya koya,
wurin wani tsoho, Akpo, mutumin Fotonobo,
da aka ɗauko ya gyara abin busar wata majami'a,
mai zugazugi da gwangwanaye sun fi ɗari.
Kawu ke riƙe fitila, tsoho na sauraro.
Ba su da yare ɗaya sai kunne.
Abu guda tsoho ya nuna masa da yatsu, ya maimaita:
in ka rage tsawo da rabi
kada ka rage ciki da rabi.
Ka bar wa ƙarami ɗan tumbi,
in ba haka ba ihu zai yi, ba waƙa ba.

Bana numfashin kawu bai kai ƙarshen dogon tiyo.
Tari ke tare shi a hanya.
Ni ke zarto, ni ke aska,
shi yana kan tabarma, ido rufe, carbi ya tsaya.
Jiya na fere wani ɗan ƙarami, taƙi ɗaya,
na hura, kaji suka watse.
Bai buɗe ido ba.
"Ka yi masa rowa, Ranau," ya ce.
"Nemo mai ciki."

Na tona tarin, na samo wani mai laka a baki,
ragowar rijiyar wani bawan Allah a Tibiri.
Na wanke, na fere, na hura a hankali.
Mai shayi ya waiwayo.
Carbin kawu ya ci gaba da tafiya.