Zugazugi a Garejin Eino

Ran Talata aka kawo kwalin,
kilo talatin da ɗoriya.
Yaron da ya sauke shi bai jira na sa hannu ba,
sanyin Duluth ya kora shi cikin motarsa.

A takarda sunansa sufacaja.
Ni dai zugazugi na gani,
irin na maƙeri, amma na farin ƙarfe,
wanda zai ɗura wa inji iskar da ta fi ƙarfin huhunsa.

Littafin ya ce awa takwas.
Wanda ya rubuta shi bai san yayana Eino ba,
bai san kusar da ta shekara goma sha ɗaya tana tsatsa
can bayan inji, inda yatsa ba ya kai.

Eino ba ya ji tun yana ɗan shekara huɗu.
Da hannu muke hira.
To ga hannayen duka sun nutse a cikin mota,
baƙi ƙirin da mai,
sai muka koma magana da gira,
da haɓa, da harara.

Mun cire kan batir.
Mun tsiyaye ruwan lagireto a tsohuwar tukunyar Inna,
da ta gani da mun sha faɗa.
Na toshe ramukan inji da tsumma,
don noti ɗaya ya faɗa ciki,
shi ke nan, albashin wata uku ya bi ruwa.

Sifana mai lamba goma ta ɓata.
Mun nema har ƙarƙashin firji.
Ashe tana aljihuna.
Ban faɗa masa ba sai da na ajiye ta gefen ƙafarsa.

Daren Asabar muka ɗaga shi mu biyu,
muka kwantar da shi a hankali
kamar mai sauke tiren ƙwai.
Kusoshi daga tsakiya zuwa gefe,
kowace da nata awon ƙarfi.
Sifanar awo takan yi ƙas idan ta kai,
ni ina ji da kunne,
shi yana ji a wuyan hannu,
kuma yakan riga ni.

Bel ya ƙi hawa.
Na zage shi da baki, Eino ya zage shi da yatsa,
a karo na biyar ya ji kunya.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana,
kwamfuta ta gama koya wa motar sabon numfashi.
Na buɗe ƙofar gareji saboda hayaƙi.
Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa,
an barbaɗe titi da gishiri,
ja'irar jar motar nan ba za ta taka shi ba sai Afrilu.

Na murɗa makulli.
Ta yi tari, ta yi shiru,
cikina ya ɗuri ruwa.
Na sake.

Sai ga gurnanin da na sani,
a samansa kuma wani siririn kuka,
kamar ana wasa wuƙa a nesa,
yana hawa idan na taka, yana sauka idan na saki.
Don wannan kukan mutane ke zubar da kuɗinsu.
Na juya in kwatanta masa,
na rasa alamar da zan yi.

Bai ma kalle ni ba.
Ya ɗora tafinsa a kan zugazugin,
ya rufe ido.
Da ɗaya hannun ya ce: ƙara.
Na ƙara.
Ya ce: ƙara.

Maƙwabciyarmu Solveig ta leƙo ta taga da kofinta.
Motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba,
amma gashin hannun Eino ya miƙe.

Da na kashe, ya goge yatsunsa a wando,
ya ce akwai noti guda da ya rage a kwali,
ya ce kuma ya ga lokacin da na ajiye sifanar.