Abin da Zai Mutu a Hanya

Kwana tara a dutsen Marojejy, ruwa bai ɗauke ba.
Matsattsaku sun sha rabonsu a ƙwaurina,
shinkafar da muka ɗauko a Sambava ta soma wari a buhu.
Dattijo Rabezandry bai ko tanka ba.
Sanda ya ɗaga, can inda gajimare ya maƙale a reshe,
ya ce, “Tsilavina, ga ta can.”

Tsilavina ya tuɓe takalmi, ya tofa yawu a tafi,
ya bi itacen nan kamar mai bin bashi,
har ganye ya haɗiye shi.
Sai ga reshe ya faɗo, da fure uku a jiki.

Na kai hannu ga jarida. Dattijo ya riƙe ni.
“Sannu, Voahirana. Ganye zai kai kansa birni,
ƙaya ma ta san hanya.
Ke rubuta abin da zai mutu kafin mu sauka.
Da fensir. Tawada matsoraciya ce,
da ta ga ruwa sai ta gudu.”

Na durƙusa a taɓo, na rubuta:
Lamba dubu biyu da goma sha bakwai.
Tsayi, gaba shida. Gefen rafi, inuwa mai kauri.
Fure ja kamar zankon zakara, cikinsa rawaya.
In an karya reshe yana zubar da farin nono
mai kama yatsa.
Tururuwa baƙaƙe na kwana a gindin ganye.
Ƙamshi...
Nan fensir ya tsaya.
Na shinshina, na sake shinshinawa,
na rubuta: kamar akwatin kakata ranar da aka buɗe shi bayan ta rasu.

Ya karanta, ya ɓata rai.
“Wa zai gane wannan a Antananarivo?”
Ya karɓi fensir zai soke,
sai ya kai furen hanci, ya daɗe.
Ya miƙo mini littafin bai soke ba.

Da dare muka shimfiɗa ta a tsohuwar jarida,
tsakanin farashin banila da hoton wani da ya faɗi zaɓe,
muka juya ganye ɗaya ya nuna bayansa,
muka danne da katako, muka ja maɗauri da gwiwa.
Har asuba ina gadin gawayi
kada zafi ya yi yawa ta ƙone,
kada ya gaza ta yi funfuna.

Yau shekara goma sha tara.
Tsilavina na tuƙa babbar mota a hanyar Toamasina,
gwiwa ta hana shi hawa ko tsani.
Dattijo kuwa an naɗe shi a farin mayafi,
yana kwance da kakanninsa.

Ɗazu a taskar tsirrai, a kabad na arba'in,
wani ɗalibi ya zaro ta.
Ta koma launin ƙasa, ta bushe ƙayau,
babu ja, babu nono, babu tururuwa,
sai warin kafur.
Ya karanta 'yar takardar da ke manne a kusurwa,
ya kai wajen akwatin, ya yi shiru.

Bai san ina kallonsa ba.
Ya sunkuya a hankali,
ya kai hancinsa ga takardar.