Daƙiƙa Arba'in

A hawa na tara, a Cebu, dare ne ranarmu.
Sai gari ya kwanta muke ɗaura ɗamara,
mu sittin, kowa da allonsa,
kowa kunnensa toshe da waƙar wani.
Ni ce Luningning, kujera ta sha bakwai,
kusa da tagar da ba a buɗewa.

Aikin ba shi da wuyar faɗa.
Manhaja ta cafko waƙa, ta ce ta sata ce,
mai waƙa ya ɗaukaka ƙara,
ni kuma in yanke hukunci cikin daƙiƙa arba'in.
Kore, ta zauna.
Ja, ta tafi kamar ba a taɓa rera ta ba.

Tun Talatar da aka sabunta manhajar
kunnenta ya yi tsini fiye da kima.
Ruwa ya bugi rufin kwano, ta ce gangar wani kamfani ce.
Har zakara ta kama da laifin cara.
Rodel ya yi dariya sai da kofi ya sarƙe shi.

Ƙarfe uku da kwata wannan ta faɗo mini:
minti biyu, muryar tsohuwa.
Jikanta ne ya ɗora daga tsibirin Siquijor.
Ya rubuta: kakata ce, tana lallashin ƙanena ya yi barci,
guguwa ta jiƙa kaset-kaset ɗinmu,
wannan kaɗai na tsamo.
Manhaja ta ce: kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari,
mallakar wasu ce a birni mai dusar ƙanƙara.
Ashe wani ya ɗebi karin tuntuni,
ya zuba masa kiɗa, ya yi masa rajista.
Yau ga rijiya a gaban alƙali,
wai ta saci ruwan guga.

Na saurara.
Bayan muryar akwai haushin kare,
akwai cokali a kwano, akwai tari sau biyu.
Kuma na san karin nan.
Uwata ta yi mini shi da wasu kalmomi daban
tana tsefe mini kai a bakin ƙofa.
Agogon kusurwar allo ya koma ja.
Sittin. Casa'in.
Na danna kore.

Turaren Madam Sumalinog ya riga ta isowa.
"Abin da ya haura tamanin, ja ne."
"Da ɗaya tak ya haura."
"Ɗayan ma lissafi ne."
Na miƙa mata abin kunnena, ta ƙi karɓa,
ta ce ba don ta ji waƙa aka ɗauke ta ba.
Ba muguwa ba ce, kar a yi mata ƙazafi.
'Ya'ya uku gare ta da bashin gida,
ita ma akwai mai ƙirga daƙiƙunta
a wata ƙasar da yanzu rana take tsaka.

Wurin shan shayi aka rabu biyu.
Wasu suka ce in kowa zai bi kunnensa
gara a ƙona littafin doka mu huta.
Wasu suka ce to me ya sa aka ajiye mutum a kujerar?
Rodel ya goya mini baya, amma a hankali,
idonsa a kan ƙofa.

Da hannunta ta mayar da shi ja.
Ta rubuta sunana a wata takarda.

Da asuba na fito, ruwa ya ɗauke.
Na sayi shinkafar da ake ƙunshewa a ganyen kwakwa,
na hau jifni mai zuwa Talamban.
Ga wani yaro na mutsu-mutsu a cinyar uwarsa.
Ban san sanda na fara ba,
ƙasa-ƙasa, baki a rufe.
Matar ta ɗago ta dube ni,
ta kama daga inda numfashina ya ƙare.
Direba ya rage rediyo.

Sai da muka wuce kasuwa
na tuna a baya ya kamata in sauka.